Tattaki a Gonakin Inabi na Lavaux: Tuddan da Hannun Manoma Ya Gina

A gefen arewa na Tafkin Jeniba, a ƙasar Suwizalan, akwai wani zirin tuddai da ya miƙe kimanin kilomita 30 daga wajen birnin Lozan zuwa kusa da Montreux, wanda ake kira Lavaux, ana furta sunan kamar "Labo". Gangaren waɗannan tuddai, tun daga bakin ruwa har zuwa inda daji ya fara, an yanyanka shi hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da katangarsa ta dutse wadda ke riƙe da ƙasa, kuma a kan kowane hawa an shuka inabi layi-layi. Faɗin wurin ya haura hekta 800, kuma a shekarar 2007 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Da yawa daga baƙin da ke zuwa suna ratsa shi ne da ƙafa, domin hanyoyin da ke cikinsa ƙanana ne, wasu ma matakalu ne zalla waɗanda mota ba ta iya hawa.

Abin da ya kamata mai tattaki ya fara fahimta shi ne, kyawun da yake kallo aikin hannu ne na tsawon ƙarnoni. Asalin gangaren dai tsohuwar ƙanƙara ce ta sassaƙa shi, wato wani makeken kogin ƙanƙara da ya taɓa cike kwarin kogin Rhône kafin ya narke ya bar tafkin, amma abin da ya bari kurmi ne da duwatsu a wuri mai tsananin gangara. A ƙarni na 12 ne bishof na Lozan ya ba wa ruhubanawa wani sashe na wannan ƙasa, su kuwa ruhubanawa malaman addinin Kirista ne da suka keɓe kansu a gidajen ibada suna rayuwa da guminsu. Su ne suka share kurmin, suka tono duwatsun, suka jera su katanga, suka cike bayan kowace katanga da ƙasa har ta zama dakalin shuka. Sashen da suka fi wahala a kansa shi ne Dézaley, inda gangaren ya fi ko'ina tsayuwa, kuma har yau akwai gonaki biyu a can masu ɗauke da sunayen da ke tuna su, Clos des Moines da Clos des Abbayes, waɗanda yanzu mallakar hukumar birnin Lozan ne. Bayan da mutanen birnin Bern suka ci yankin da yaƙi a 1536 suka kawo ɗariƙar Furotesta, gidajen ruhubanawan suka watse, amma katangun suka ci gaba da zama a hannun iyalan manoma, ɗa ya gada daga uba.

Mai karatu da ya san tsaunukan Mandara ba zai ga wannan dabara baƙuwa ba, domin irinta ce mutanen Sukur da ke jihar Adamawa suka yi wa duwatsunsu, inda suka gina gonaki hawa-hawa da hanyoyi shimfiɗe da dutse, abin da ya sa Sukur ta zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga wannan jeri na UNESCO a 1999. Matsalar ɗaya ce a wuraren biyu, wato yadda za a hana ruwan sama wanke ƙasar noma daga gangare, sai dai a Sukur dawa ake shukawa, a Lavaux kuwa inabi.

Mutanen Lavaux suna cewa inabinsu na shan rana uku. Ta farko ita ce ranar da ke sama, wadda ke dukan gangaren kai tsaye saboda yana fuskantar kudu, ta biyu ita ce hasken da tafkin ke maidowa kamar madubi, ta uku kuma zafin da katangun dutse ke sha da rana su sake shi da dare. Wannan magana ta wuce kirarin tallar kaya, domin duk wanda ya ɗora tafin hannunsa a kan katangar bayan faɗuwar rana a watan Yuli zai ji ɗuminta, kuma wannan ɗumi ne ke sa inabi ya nuna sosai a ƙasar da hunturunta ke da tsanani. Irin inabin da ya fi yawa shi ne Chasselas, mai ƙananan 'ya'ya kore-kore da ke komawa ruwan zinare idan sun nuna. Kusan dukkan amfanin ana matse shi ne a yi giya, wadda ita ce tushen arzikin ƙauyukan, kuma babu amfanin ɓoye wannan ga mai karatu Musulmi wanda addininsa ya haramta masa ita. Sai dai hanyoyin na kowa ne, ba a tilasta wa mai tafiya shiga ɗakunan ɗanɗano, kuma da yawa daga masu zuwa tarihi da gine-gine da motsa jiki ne ke kawo su.

Hanyar da ta fi shahara ita ce wadda ta tashi daga Saint-Saphorin zuwa Lutry, mai tsawon kimanin kilomita 11, wadda mai matsakaicin ƙarfi ke gamawa cikin sa'o'i uku da ɗan wani abu idan bai yawaita tsayawa ba. Kamar sauran hanyoyin ƙafa na Suwizalan, an kafa mata alluna masu ruwan ɗorawa waɗanda ke nuna nisa da sa'o'i da mintoci maimakon kilomita, tsarin da ya fi dacewa da wurin da hawa da sauka ne ke cin lokaci. Saint-Saphorin kanta ƙauye ce da aka cusa tsakanin dutse da ruwa, lungunanta matsattsu, gidajenta na jingine da juna, wasu har an haɗa su da baka ta saman hanya, saboda mutanenta ba su yarda su ɓata ko taku ɗaya na ƙasar da za ta iya ɗaukar inabi wajen gini ba. Cocin ƙauyen, wanda aka gina a ƙarni na 16, yana zaune ne a kan kangon wani gini na zamanin Rumawa, kuma a cikinsa akwai dutsen alamar hanya na zamanin sarki Kalaudiyas, shaidar cewa tun ƙarni na farko matafiya ke bin wannan gaɓa zuwa mashigin tsaunukan Alfs. Daga nan hanyar ta bi ta Rivaz, ta ratsa Dézaley, ta wuce Epesses da Riex, sannan ta gangara kusa da Cully, garin Manjo Davel, sojan da ya yi yunƙurin 'yantar da yankin daga mulkin Bern aka kashe shi a 1723.

A kan hanya ido na kai wa ga wasu abubuwa da ke bayyana wahalar noman wurin. Akwai ƙananan bukkokin dutse da ake kira capite, inda manomi ke ajiye kayan aiki ya kuma fake wa ruwan sama, akwai kuma siririn dogo guda ɗaya da ke hawa gangare, wanda wani ɗan inji mai jan akwatuna ke bi domin sauko da inabi lokacin tsinka a ƙarshen Satumba da cikin Oktoba, wasu manoman ma jirgi mai saukar ungulu suke haya. A da, duk ƙasar da ruwa ya zaizayo zuwa gindin katanga sai an kwashe ta a kwando an goya a baya an mayar da ita sama. Idan aka duba gindin kowace kurangar inabi kuma za a ga wani kumburi, wato wurin da aka yi mata aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Dalili shi ne wani ƙwaro mai suna filoksera da ya shigo Turai daga Amurka a wajajen 1860, yana cin saiwar inabi har ya kusa ƙarar da gonakin nahiyar, sai aka gano cewa saiwar inabin Amurka na jure masa, shi ya sa ake ɗora reshen na Turai a kanta har yau.

Barazanar da ta fi ƙwaron girma a ƙarni na 20 ita ce siminti, domin masu kuɗi sun so gina gidaje masu kallon tafki a kan gonakin. Wani ɗan jarida mai fafutukar kare muhalli, Franz Weber, ya jagoranci gangamin da ya kai ga ƙuri'ar raba gardama a 1977, inda jama'ar jihar Vaud, wadda Lavaux ke cikinta, suka amince a rubuta kare Lavaux cikin kundin tsarin mulkinsu, suka sake tabbatar da hakan a 2005. Duk da haka wurin bai tsira gaba ɗaya ba, tunda layin dogo da babbar hanyar mota sun ratsa shi, kuma yawancin hanyoyin da mai tattaki ke bi an zuba musu kankare, don haka wanda ke neman shirun daji zai ɗan ji takaici.

Wanda ya yi niyyar zuwa ya sani cewa inuwa ta yi ƙaranci a tsakiyar bazara, saboda haka ruwan sha da hula wajibi ne, kuma lokacin da ya fi daɗi shi ne Oktoba, sa'ad da ganyen ya koma ruwan ɗorawa. Gonakin kuwa na mutane ne, ba a tsinkar 'ya'yansu ko da sun rataya har kan hanya. Wanda ƙafarsa ta gaza kafin ya kai Lutry yana iya gangarawa tashar jirgin ƙasa ta Rivaz ko Epesses ko Cully, duka suna bakin tafki, jirgin kuma zai kai shi Lozan cikin 'yan mintoci.