Ciwon Shawara A Jikin Jariri Sabon Haihuwa

Jarirai da yawa idanunsu da fatarsu kan koma ruwan ɗorawa a kwana na biyu ko na uku da haihuwa. Musabbabin haka shi ne sinadarin bilirubin, wanda ke fita idan jajayen ƙwayoyin jini suka farfashe, alhali hantar jariri ba ta yi ƙwarin tace shi ba. Galibi yakan washe cikin mako biyu.

Amma fa shawarar da ta bayyana cikin awa 24 na farko, ko ta sauko har tafin ƙafa, ko jariri ya ƙi nono yana banƙarewa, ba ta jiran a yi suna. Sinadarin kan shiga ƙwaƙwalwa ya bar yaro da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi. Ɗakin mai jego kuwa da duhu, don haka a riƙa fito da jariri haske ana dubawa. A kuma raba tufafinsa da kafur, domin yana farfasa jinin masu ƙarancin sinadarin G6PD.

A asibiti ana kwantar da jariri ƙarƙashin shuɗin haske, dabarar da aka bayyana a Ingila a 1958. In abin ya tsananta, sai a canja masa jini.