Ko Kun Sani? Akurkin Kaji da Hunturu

Ko kun sani cewa zafin jikin kaza ya kai digiri 41, har ma gashinta ya isar mata bargo a sanyin garin Lafiya, wanda galibi ba ya tsananta sai da asuba? Saboda haka idan hunturu ya kama daga Disamba zuwa Fabrairu, mai kiwo ya toshe akurki ruf da buhu da leda bisa niyyar jinƙai, haƙiƙa cutarwa ya yi, domin tururin numfashin kajin da warin kashinsu, mai sa ido hawaye, ba su da mafita, sai su raunana huhu a daidai lokacin da annobar fakat ta fi yawa.

Dabarar ita ce a tare ɓangaren arewa maso gabas, inda iskar take bugowa, a bar kafa a sama kusa da rufi, sama da inda kaji ke kwana, a shimfiɗa busasshen ɓuntun shinkafa, wanda Allah Ya wadata Lafiya da shi. Mai ɗumama 'yan tsaki da kaskon gawayi kuwa, wajibi ne ya bar wa hayaƙi hanya. In kun buɗe akurki da safe wari ya doki hancinku, ku ƙara kafar.