Mu Auna Ruwan Sama Kafin Mu Fitar da Iri

Shamuwa ta kusa dawowa. Ba da daɗewa ba kowa zai saɓa sungumi ya nufi gona. Kafin nan muna so mu yi magana a kan wani aiki da duk mai karatu zai iya yi da hannunsa, wato kafa ɗan wurin awon yanayi a gida ko a bakin gona.

Dalilinmu shi ne asarar iri. Ruwan farko yakan sauka a watan Mayu, ƙasa ta yi ƙamshi, jama'a su fita shuka. Hatsi ya tsiro. Sai ruwa ya ɗauke kwana 15 ko 20, rana ta ƙone tsiron, ko iska ta binne shi da rairayi. A sake shuka, wata shekara har sau uku. Irin da aka adana tun kaka ya ƙare, maigida ya shiga kasuwa neman tiya a lokacin da ta fi tsada. In ka tambaye shi abin da ya sa ya yi shuka, sai ya ce: "Ai an yi ruwa sosai." To, sosai ɗin nawa ne? Ido ba ya iya faɗa. Ruwa mai tsawa da iska yakan cika lungu da kwata, alhali a gona bai ratsa ƙasa tsawon yatsa ba. Ruwan dare kuwa mai sauka a hankali, wanda ba ya tada mai barci, sau da yawa shi ne ruwan shuka.

Mene ne milimita?

Muna jin rediyo na cewa an samu milimita kaza a Damagaram, kaza a Magariya. Ga ma'anarsa. A auna fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. In ruwan da ya zuba a kansa ya cika lita 1, an yi ruwan milimita 1 ke nan. A gona mai ekta 1, milimita 1 lita 10,000 ne, wato tano 50 mai cin lita 200. Ruwan milimita 20 kuwa tano 1,000 ne a ekta guda. A ƙasarmu abin da ke sauka a shekara duka wajen milimita 500 ne, wata shekara ya fi haka, wata ya kasa.

A shekarar 1988, wani masani mai suna Sivakumar, na cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, ya bi lissafin ruwan shekaru masu yawa na ƙasashen Sahel. Ya ce a ɗauka damana ta kama idan an cika sharaɗi biyu. Na farko: bayan 1 ga Mayu, a samu aƙalla milimita 20 cikin kwana 3 a jere. Na biyu: kada ruwa ya ɗauke fiye da kwana 7 a jere cikin kwana 30 masu biyowa. Sharaɗi na biyu, ranar shuka ba wanda ya san shi sai Allah. Amma na farko yana hannunmu. Wanda ya ga milimita 8 ko 10 a ma'auninsa, ya bar irinsa a rumbu. Wanda ya ga 20 ko fiye, ya je gona ya tona ƙasa. In laima ta kai kusan taƙi guda, ya fito da iri. Masu yin binne su ma su kula, domin ɗan yayyafin da bai kai ba yana iya tsirar da iri, sannan ya bar shi ya mutu.

Wani zai ce, ai hukuma na da ma'auninta. Gaskiya ne. Ma'aikatar Meteyo ta ƙasa tana tattara lissafin ruwa, ana fitar da bayani duk kwana 10 a lokacin damana. Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a Yamai a 1974 bayan babban farin nan na 1973, tana ba da hasashen damana kowace shekara kafin a fara shuka. Ya kamata mu saurare su. Sai dai ruwan ƙasarmu ɓangare-ɓangare yake sauka. A yi shi a Kance, Dungu ba ta gani ba. A kwana ana yi a Ɗan Barto, a Kurni ƙura ke tashi. Lambar da rediyo ya faɗa ta wurin da ma'aunin hukuma yake tsaye ce, ba ta gonarka ba.

Gwangwani da rula

Ma'aunin farko ba ya bukatar wuta ko batir. A samo babban gwangwani wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, gindin kuma a shimfiɗe. A cire murfin gaba ɗaya, a daddanne bakin don kada ya yanki yaro. Kwano ko bokiti ba za su yi ba, domin bakinsu ya fi gindinsu faɗi, za su nuna ruwa fiye da wanda ya sauka. Sai a samo rula irin ta ƴan lakkol. Kowane santimita 1 a jikinta milimita 10 ne. A duba bakin rular: in akwai ɗan fili kafin sifiri, a yanke shi, yadda sifiri zai taɓa gindin gwangwani. Akwai kuma ma'auni na roba mai lambobi a jiki, wanda aka yi musamman don manoma. A tambayi malamin gona. Ya fi gwangwani nuna ƙaramin ruwa.

Inda za a kafa shi ya fi abin da aka yi shi da shi muhimmanci. A kafa turke mai ƙarfi, tsayinsa mita 1 zuwa 1 da rabi, a ɗaure gwangwanin a kansa yadda za a iya cirewa a zubar da ruwa. Bakin gwangwani ya ɗara kan turken, kuma ya zauna daidai, kada ya karkace. A nisanta shi daga ɗaki, danga, rumbu da itace. Ƙa'ida ita ce nisan ya ninka tsayin abin sau 2, in da hali sau 4. Itace mai tsayin mita 10, a ba shi mita 20 ko fiye. Allah ya albarkaci gonakin Matamaye da Magariya da Mirya da gawo, har baƙi na zuwa daga nesa su gani. Kada a ce gawo ba shi da ganye da damana, don haka ba kome. Rassansa ma na tare ruwa, tsuntsayen kansa kuma na ɓata ma'auni. A kewaye turken da ƙaya saboda awaki.

Littafi shi ne ainihin aikin

A karanta ma'auni kowace safiya a lokaci guda, misali ƙarfe 7, kafin rana ta shanye ruwan. A tsoma rula a tsaye, a duba inda ta jiƙe, a rubuta, sannan a zubar da ruwan. Kada a bar shi ya yi kwanaki a ciki, domin sauro na ƙwai a ruwan da ya kwanta.

A raba shafi gida biyu, kwanan wata da milimita. Misali: 14 ga Yuni, 23. 15 ga Yuni, 0. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta 0. Kada a bar wurin fayau, domin fayau na nufin ba a duba ba, sifiri kuwa na nufin an duba ba a samu ba. Sifirin nan ne ke nuna tsawon fari. Duk kwana 10 a tara, ƙarshen wata a sake tarawa. A gefe a rubuta ranar shuka, ranar noman fari, ranar sa taki da ranar girbi.

A ganinmu babu darasin lissafi da ya kai wannan daɗi a cibiya, domin lambobin na gonar mai karatu ne. Bayan shekara 3 ko 4, littafin zai fara magana. Zai nuna lokacin da damana ta saba kamawa a garinku, da tsawonta. Shekarar da ta makara har cikin Yuli, mai littafi zai gane cewa iri mai saurin nuna, kamar HKP, ya fi masa. Ruwa mai yawa ma a rubuta shi da kyau. A Satumban 2024 ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram. Wanda ya ga lambobi manya suna bin juna a littafinsa, ya duba gindin katangarsa da indararonsa.

Ma'aunin zafi kuma ana rataye shi a inuwa, inda iska ke ratsawa, mita 1 da rabi daga ƙasa, nesa da rufin kwano da murhu. In rana ta taɓa shi, zafin jikinsa zai nuna, ba na iska ba. A Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40. Ranar da ya kai haka, a yawaita ba yara da tsofaffi da masu ciki ruwan sha, a bar aiki mai nauyi sai da safe ko la'asar. Lokacin bushewa da ƙura shi ne kuma lokacin sanƙarau, kamar yadda ya taɓa Matamaye da Dungas da Magariya a ƙarshen 2022 da farkon 2023. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya, a kai mutum likita nan take, ko da dare ne.

Na'ura mai aiki da wuta

Yanzu ana sayar da ƙananan na'urori masu awo da kansu. Kashi biyu ne. Na waje ana ɗaure shi a kan dogon ƙarfe. Yana da mazurari, a ƙarƙashinsa akwai ɗan cokali mai baki biyu kamar sikeli. In ɓari ɗaya ya cika sai ya tuntsure, na'ura ta ƙirga. Kowace tuntsurawa ƙasa da rabin milimita ce. Akwai kuma fanka mai auna ƙarfin iska, da kibiya mai nuna inda ta fito. Na cikin ɗaki ɗan allo ne mai nuna lambobi. Ba waya tsakaninsu, amma katanga mai kauri da rufin kwano na rage nisan da suke jin juna, don haka kada a raba su da yawa. Wajen ɗaurawa, alamar N da ke jikin na waje ta dubi arewa.

Na wajen yakan ci ƙananan batura 2 ko 3 irin na rediyo, wasu kuma na da ɗan farantin rana a jiki. A sa sababbin batura a watan Mayu, kada a jira su mutu a tsakiyar malka. Allon ɗaki shi ne mai son wuta dare da rana, ko da yake kaɗan yake ci. Ƙauyuka da yawa ba su da layin NIGELEC. Inda yake ma ana ɗaukewa, har a 2023 an yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya watanni da dama. Saboda haka rana ta fi tabbas.

Abu uku ake bukata: farantin hasken rana, wanda muke ce wa fanno, mai wat 10 zuwa 20, batir mai bolt 12, ƙarami, wanda aka rubuta 7Ah a jikinsa, da ɗan akwatin da ake kira regilata, mai hana batir cika fiye da kima ko zuƙewa ƙaf. Kada a haɗa fanno da batir kai tsaye, yana kashe batir. A fara haɗa batir da regilata, sannan fanno, sannan allo. Jar waya ta je alamar +, baƙa ta je alamar −. Allon yakan so bolt 5 kamar salula, sai a jona shi a ramin caji na jikin regilata. Batir irin wannan, in ya cika, yana riƙe allo kwana 1 zuwa 2 ko da hadari ya rufe rana. Batirin babur zai yi na ɗan lokaci, amma ba don wannan aiki aka ƙera shi ba, ba ya daɗewa.

Fanno ya dubi kudu, a ɗan jingine. In tsawonsa santimita 40 ne, a ɗaga gefen arewa da santimita 10. Inuwa ko ta reshe ɗaya na rage ƙarfinsa ƙwarai. Babban maƙiyinsa ƙurar hunturu ce. A share shi da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, da sassafe, duk kwana 2 ko 3. Batir kuwa maƙiyinsa zafi ne. A ajiye shi a inuwa, inda iska ke shiga. Akwai maƙiyi na uku, wato maƙwabta masu zuwa da salula. Ba mu hana zumunci ba, amma fanno mai wat 10 ba zai ɗauki nauyin unguwa ba. In ƙungiya ce ta saya, a zaɓi mutum ɗaya ya riƙe mabuɗi.

A yi hattara da batir. Ruwan cikinsa na ƙone fata, yana makantarwa, dalmar cikinsa kuma guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Kada a fasa mataccen batir a gida, kada a jefa shi kusa da rijiya ko garka, kada a bar yara su yi wasa da ƙananan. A mai da shi wurin masu sayarwa. In ana tsawa, kowa ya nisanci dogon ƙarfen.

Wanda ya sayi na'ura kada ya yar da gwangwani. Ƙura da kashin tsuntsu na toshe mazurari, zanzaro kuma na son yin ɗaki a ƙarƙashin cokalin, sai allo ya nuna 0 alhali an kwana ana ruwa. A buɗe a share kafin damana, a riƙa dubawa duk mako. A bar gwangwani a turkensa kusa da na'urar, a gwada lambobin biyu. In sun bambanta da yawa, a rubuta na gwangwani, a je a duba mazurari.

Muna roƙon malaman cibiyoyi, daga Yawuri har Ɗan Barto, kowa ya kafa turke ɗaya kafin 1 ga Mayu, masu karatu su riƙa karɓa-karɓa wajen rubutawa. A ƙarshen kowane wata a kai wa malamin gona kofen lissafin, a kawo mana ɗaya idan mun zo rangadi.