Jeniba: Birnin da Kallo Yake Araha, Kwana Yake Tsada

Duk mai kunna rediyo da safe ya san sunan Jeniba, ko da bai san inda take a taswira ba. Yau a ce an zauna teburin sulhu a can, gobe a ce an tashi baram-baram. Shi ya sa da yawanmu muka ɗauka wani ƙaton gini ne cike da masu kwat da jakunkunan takardu. Alhali gari ne sosai, a ƙasar Suwizalan, a bakin wani tafki, kuma mutane na zuwa takanas domin yawon buɗe ido. A tikitin jirgi za ka ga an rubuta Geneva ko Genève. Mazauna cikin birnin kusan dubu 200 ne, wato ƙaramar hukumar Dala kaɗai ta fi shi jama'a, amma duk da haka shi ne na biyu a ƙasar bayan Zurik. Faransanci ake yi, saboda haka 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun riga mu da taki ɗaya.

Na san wani zai ce, mu da muke fama da kuɗin hanawut, ina ruwanmu da Jeniba? Ruwanmu shi ne, cikin waɗanda ke zaune a aji yau akwai wanda gobe wurin aikinsa zai tura shi taro, ko kwas na mako biyu, ko ya sami gayyata. Gara ya tafi da sani. Kuma birnin yana da wani abu da ya dace da ɗan poli musamman: abubuwan da suka fi cancantar gani a cikinsa aikin injiniya ne, kuma yawancinsu ba a biyan ko sisi.

Fara da tafkin. Mutanen wurin suna ce masa Leman. Faɗinsa kusan murabba'in kilomita 580 ne, tsawonsa ya haura kilomita 70, inda ya fi zurfi kuwa ya kai mita 310. Suwizalan da Faransa ne suka raba shi. Kogin Ron yana shiga ta gabas ya fito ta yamma, daidai tsakiyar Jeniba, ya raba garin biyu. Idan ka bi kogin da ƙafa ka ɗan gangara, za ka isa inda ya haɗu da wani kogin mai suna Arb. Ron ya fito daga tafki, laka ta riga ta kwanta, ruwansa garau mai shuɗi-shuɗi. Arb kuwa ya gangaro daga ƙanƙarar duwatsu da ɓurɓushin dutse, launinsa toka-toka. Sai su yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa da launinsa, kafin su gauraya. Daga kan gadar da ke sama ake ganin abin da kyau.

Amma tambarin garin shi ne ruwan nan da ke tashi sama daga cikin tafki, wanda suke kira Jet d'Eau. Tsayinsa mita 140. Lita 500 yake fitarwa a kowace daƙiƙa, da gudun kilomita 200 a awa, kuma injinan tura ruwa biyu ne ke aikin, ƙarfinsu a haɗe kusan kilowat 1,000. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne asalinsa, don ba ado aka yi niyya ba. A shekarar 1886 akwai wata tasha a kan kogin da ke tura ruwa mai matsi ta bututu zuwa shagunan masu sana'a, da shi suke juya injinansu. Da yamma idan suka tashi suka rufe famfunansu kusan lokaci guda, sai matsin ya hau, ya nemi yin ɓarna. Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne su sa bawul da zai saki rarar ruwan sama. Ruwa ya rinƙa tashi kusan mita 30, mutane suka fara tsayawa kallo. Da hukumar gari ta ga haka, a 1891 ta mayar da shi bakin tafki ya zama abin kallo, sannan a 1951 aka kafa wanda ake gani yanzu.

'Yan sashen injiniya, ku ɗauko kalkuleta. Kilomita 200 a awa kusan mita 55.6 ne a daƙiƙa. Ka ninka shi da kansa, ka raba da 19.62, za ka sami kusan mita 157. Ruwan kuma 140 yake kaiwa. Ragowar mita 17 ɗin nan iska ce ta cinye, wadda malaminmu yakan ce mu yi kamar babu ita a jarrabawa. Akwai siririyar hanya ta dutse da ke kai mutum har gindinsa, kyauta. Sai dai idan iska ta juya, wanka za ka sha da kayanka. Idan ta yi ƙarfi sosai, ko sanyi ya kai na daskarewa, kashe shi ake yi, don haka kada ka ga babu ka ɗauka wuta aka ɗauke.

To, kafin duk wannan, akwai biza, kuma nan ne ake yi wa mutane sakiyar da babu ruwa. Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Shengen tun 2008. Bizar ziyara ba ta ba ka damar wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuɗinta yuro 90 ne ga baligi, kuma ba a mayarwa idan aka hana ka. Za a nemi inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da bayanan asusun banki, da abin da zai nuna kana da dalilin komawa gida, kamar takardar makaranta ko ta wurin aiki. Duk ejan ɗin da ya ce maka yana da mutum a ciki, ko zai cika maka asusu da kuɗin aro na kwana biyu, kuɗinka yake so. Masu duba takardun nan sun ga irin wannan sau dubu, kuma ƙarya ɗaya tana iya bin sunanka zuwa sauran ƙasashen yankin, domin rumbun bayanansu ɗaya ne. Wanda kuma yake lissafin ya shiga da bizar yawo ya ɓace, ya sani ba a aiki da ita, kuma wannan ƙaramin gari ne mai tsananin bin takarda. Ƙarshenta mutum ya kwana a tasha cikin sanyi, a dawo da shi da tambarin hana shiga.

Daga nan matafiyi yakan ya da zango a wani wuri, Istambul, Alƙahira, Adis Ababa ko Faris. Da ka sauka, jirgin ƙasa zai kai ka babbar tashar gari, Kornaban, cikin minti 7 kacal.

Sai maganar aljihu. Kuɗinsu faran ne, ba yuro ba, kuma a 'yan shekarun nan faran ɗaya ya ɗara dalar Amurka. Tsadar garin tana da dalili. A 2020 mutanen yankin suka kaɗa ƙuri'a aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a faran 23 a awa ɗaya, kuma ya ƙaru tun daga lokacin. Mai wanke kwano ma haka ake biyansa, to kai da ka zo cin abinci kai za ka biya. Faranti ɗaya a gidan abinci na talaka faran 20 ne zuwa 30. Idan ka juya shi zuwa naira, yunwar ma sai ta tafi. Dabarar ita ce manyan kantuna irin Migros da Coop: burodi, cuku, ayaba, kifin gwangwani, ka je bakin tafki ka zauna. Ruwan sha kada ka saya, famfunan kan titi ana sha, sai wanda aka rubuta wa "non potable". Ranar Lahadi kuma kantuna a rufe suke, sai na tasha da na filin jirgi, don haka sayayya ranar Asabar.

Masauki shi ne babban rami. Mafi sauƙi shi ne masaukin matasa mai gado sama da ƙasa irin na hostal ɗinmu, sai dai da tsafta da ruwan zafi. Amma akwai rangwame guda mai kyau: duk wanda ya sauka a otal ko irin wannan masauki a Jeniba ana ba shi katin sufuri kyauta na tsawon zamansa. Da shi za ka hau bas, da tiram (jirgin ƙasa ne na lantarki mai bin tsakiyar titi), har da ƙananan jiragen ruwa masu launin ɗorawa da ke tsallaka tafkin. Wato yawon kan ruwan da wani zai biya, kai ka yi shi a matsayin hawa bas. Babu kwandasta a ƙofa, amma kada wannan ya ruɗe ka. Masu duba tikiti suna shigowa ba zato, tararsu kuma ta fi kuɗin abincinka na kwana uku. Wasu sukan kwana a Animas, garin Faransa da ke manne da Jeniba, inda ɗaki ya fi sauƙi. Mutum fiye da dubu 100 ne ma ke tsallako iyakar domin aiki. Sai dai ka rasa katin nan, kuma idan yawancin kwanakinka a Faransa za ka yi, to a wurin Faransa ya kamata ka nemi bizar.

Abinci da ibada suna buƙatar lura. Shahararren abincinsu, narkakken cukun da ake tsoma burodi a ciki, yawanci da giya ake haɗa shi, haka wasu cakulan. Tambaya ba laifi ba ce. Unguwar Paki, kusa da tasha, cike take da shagunan Turkawa da Larabawa da 'yan Afirka, nan za ka sami halal, ko da yake unguwa ce ta dare, gara a bar ta da wuri. Babban masallacin yana unguwar Peti-Sakone, an buɗe shi a 1978, kuma hasumiyarsa na cikin guda huɗu kacal da ƙasar ke da su, domin a 2009 an kaɗa ƙuri'ar hana gina sababbi. 'Yan'uwa mata, hijabi babu mai hana ki, amma rufe fuska a bainar jama'a ya zama laifi tun 1 ga Janairun 2025, kuma dokar ba ta ware baƙi ba. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, a Disamba kuwa kafin biyar an yi magariba.

Unguwar ƙungiyoyin duniya rabin yini ta ishe ka. Fadar Majalisar Ɗinkin Duniya an gina ta ne tsakanin 1929 da 1938 domin ƙungiyar da ta gabace ta. Shiga ciki sai da rajista ta intanet tun da wuri da kuma fasfo, amma layin tutoci ana ganinsa daga waje, kowa na laluben tasa. A gabanta akwai wata kujerar katako mai tsayin mita 12, ƙafarta ɗaya a karye, an kafa ta a 1997 domin tunawa da waɗanda nakiyoyin da ake binnewa suka raba da ƙafafunsu. Gidan tarihin Red Cross yana nan kusa, domin a garin aka kafa ƙungiyar a 1863. Gangare kaɗan a bakin ruwa akwai hedkwatar Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, wadda Ngozi Okonjo-Iweala ta karɓi shugabancinta a 2021. Muna da wata alaƙar da garin wadda ba ta alfahari ba ce: a Disambar 2017 aka sa hannu kan dawo wa Najeriya dala miliyan 321 na kuɗaɗen Abacha daga Suwizalan. Idan ka wuce ta gaban bankunan nan masu shiru, ka san dai mun taɓa ajiya.

Tsohon gari yana kan tudu, da lunguna na dutse da majami'ar San Piyer mai matakala 157 zuwa saman hasumiya. Agogon da garin ya yi suna da shi ma doka ce ta haife shi: a ƙarni na 16 malamin addinin Kirista Jan Kalbin ya hana sa kayan ƙawa, sai maƙeran zinariya suka koma ƙera agogo. Kallon su ta gilashi kyauta ne, farashin kuma kada ka tambaya.

Idan kwana ɗaya kaɗai gare ka, ni dai shawarata ka hau tiram mai lamba 18 har ƙarshen layi, ka sauka a CERN. Cibiyar binciken kimiyya ce da ƙasashen Turai suka kafa a 1954. Ƙarƙashin ƙasa, kusan mita 100, akwai rami mai zagaye na kilomita 27 da ya ratsa iyakar Suwizalan da Faransa, inda ake harba ƙwayoyin zarra da gudu dab da na haske su yi karo, a ga abin da zai fito. Maganaɗisun da ke lanƙwasa hanyarsu ana sanyaya su zuwa kusan digiri 271 ƙasa da sifili. Ka tuna wannan aiki ba na farfesoshi kaɗai ba ne: sai da masu walda, da masu haɗa waya, da masu sanyaya injin, da masu kula da kwamfuta, wato irin abin da ake koya mana. A nan ne kuma Tim Berners-Lee ya tsara shafukan yanar gizo a 1989, don masana su riƙa musayar takardu. Duk "www" ɗin da kake bugawa daga nan ya fito. A 2023 sun buɗe sabon wurin baƙi mai nune-nune da gwaje-gwajen da za ka taɓa da hannunka. Shiga kyauta ne, sai dai ka yi rajista. Ramin kansa ba kasafai ake shiga ba, kada ka je da wannan buri.

Lokacin zuwa kuwa, daga Mayu zuwa Satumba ya fi. Da hunturu akwai wata iska daga arewa maso gabas da suke kira biz, wadda ke watsa ruwan tafki kan benci da bishiyoyi ya daskare a jikinsu. Rigar sanyin da kake sawa lakcar ƙarfe takwas ba za ta yi komai ba. Ranar da gari ya washe, daga gaɓar dama ta tafkin ana hango dutsen Mon Bulan, mai tsayin mita 4,800 da ɗoriya, fari fat. Ka tafi da abin sauya bakin caja, domin soket ɗinsu ba ya karɓar filogin nan namu mai ƙafa uku masu faɗi.