Gashin ƙashi da raɗaɗin da ke biyo bayan tiyatar mama

Idan an yi wa mace tiyata a mama, ba a wurin ɗinki kaɗai ciwon yake tsayawa ba. Yakan kama kafaɗa da hammata, ya gangara har cikin dantse, wani lokaci watanni bayan raunin ya warke.

A Amurka tun shekarar 1962 ake tiyatar ƙara girman mama, inda akan cusa wata jaka mai sinadarin silikon a ƙarƙashin maman ko ƙarƙashin naman ƙirji. Amma a ƙauyuka irin su Karare da ke ƙaramar hukumar Batsari, da maƙwabtanta na Safana a jihar Katsina, tiyatar da aka fi sani ita ce ta cire mama saboda sankara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kimanin miliyan 2 da dubu 300 ne aka gano suna da sankarar mama a duniya, dubu 670 kuma suka rasu.

Daga ina ciwon yake?

A lokacin tiyatar likita kan cire kaluluwar hammata domin duba ko cutar ta yaɗu. Wajen yin hakan ana iya taɓa jijiyar da ke kai saƙon ji zuwa cikin dantse, shi ya sa wurin yake mutuwa ko ya riƙa zugi kamar ana tsira allura.

Wasu matan kuma bayan 'yan makonni sukan ji wani abu kamar igiya ya ɗaure tun daga hammata zuwa gwiwar hannu.

Mai jin wannan zafi dai takan maƙale hannun a jikinta, 'yan uwa kuma su hana ta motsa shi saboda tausayi. To a nan ne matsalar take, domin kafaɗar da aka daina motsawa sandarewa take yi. Mai sandararriyar kafaɗa kuwa zai yi mata wuya ta ɗaga hannu sama da kanta, alhali haka ake buƙatar ta kwanta idan za a haska wurin da na'urar kashe ƙwayoyin sankara.

Wani bincike da aka yi a Birtaniya kan mata 392 a asibitoci 17, wanda mujallar BMJ ta wallafa a 2021, ya nuna cewa waɗanda suka fara atisaye bisa jagorancin masu gashin ƙashi kwana 7 zuwa 10 bayan tiyata sun fi sauran iya amfani da hannunsu bayan shekara guda, kuma ciwonsu ya fi sauƙi. Atisayen bai ƙara musu kumburin hannu ko lalacewar rauni ba.

Suna mai ruɗarwa

Sunan da Hausawa suka ba wannan fanni, wato gashin ƙashi, yana iya sa a zaci ruwan zafi da tsumma ake nufi, kamar yadda ake yi wa mai targaɗe ko mai jego. Wannan yana da haɗari. Fatar da ke kewaye da ɗinkin ba ta ji sosai, don haka tana iya ƙonewa ba tare da mai ita ta sani ba. Akasarin aikin motsa jiki ne, mataki-mataki.

Tun a rana ta farko ko ta biyu akan fara da jan numfashi mai zurfi, da dunƙule hannu a saki, da lanƙwasa gwiwar hannu, da juya kafaɗu a hankali, sai ɗan tattaki.

A makon farko, ko kafin a cire robar da ke tsiyayar da ruwa daga raunin, ba a so hannu ya wuce daidai kafaɗa, wato kamar inda yake kaiwa wajen kabbarar sallah. Wadda sujada ke ja mata ɗinki tana da rangwamen yin sallah a zaune.

Bayan nan sai a ƙara. Mace ta fuskanci bango, ta riƙa hawa da yatsunta sama kaɗan-kaɗan, ko ta kwanta rigingine riƙe da sanda ko muciya da hannu biyu, mai lafiyar yana taimaka wa ɗayan su tafi sama. Jin wurin yana ja ba laifi ba ne, amma idan zafi mai tsanani ya soka sai a dakata. Shan maganin raɗaɗin da likita ya rubuta kamar rabin sa'a kafin farawa yana taimakawa.

Daka, da jan guga a rijiya, da ɗora tulu a ka, da goyo, duk sai sun jira mako huɗu zuwa shida, ko yadda likita ya ce. Wadda aka sa wa jakar silikon kuwa jadawalinta daban ne, likitan da ya yi aikin ne zai tsara mata.

Nisan asibiti

A 2025 an buɗe cibiyar kula da masu sankara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, abin da ya rage wa wasu tafiya zuwa Zariya. Sai dai ga matar da ke Karare, a yankin da ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu, zuwa Katsina kowane mako domin atisaye kawai ba ƙaramin kuɗin mota ba ne.

Saboda haka ya kamata kafin a sallame ta, majinyata su nemi a haɗa ta da sashen gashin ƙashi, a nuna mata motsin a gaban wata 'yar uwa da za ta riƙa tuna mata, a kuma ɗauka a waya idan ma'aikacin ya amince.

Zazzaɓi, ko ja da mugunya a wurin ɗinki, ko sarƙewar numfashi, alamu ne na a koma asibiti nan take. Haka ma idan hannun ya fara nauyi, zobe ko awarwaro suka matse. Irin wannan kumburi kan samu kusan mace ɗaya cikin biyar da aka kwashe wa kaluluwar hammata, kuma yana iya bayyana ko bayan shekaru.