Farin Dutsen Litiyam: Inda Yake da Inda Babu Shi

Tun watan Oktoba na 2023, da gwamnatin Ghana ta sa hannu kan izinin haƙar litiyam na farko a ƙasar nan, a Ewoyaa kusa da Mankessim, zancen wannan ma'adini ya shiga zaurukanmu. Mu nan Gbalahi mun sha jin samari na cewa wai duk farin dutse mai ƙyalli arziki ne. Kafin wani yaro ya ajiye littafi ya ɗauki diga, ya kamata iyaye su san yadda abin yake samuwa.

Litiyam ƙarfe ne, babu wanda ya kai shi rashin nauyi a cikin ƙarafa, kuma da shi ake haɗa batirin waya da na motoci masu lantarki. Ba a tsintarsa tsurarsa kamar zinariya. Kullum a haɗe yake da wasu sinadarai, a cikin dutse ko cikin ruwan gishiri.

Dutsen giranit, irin na tsaunukan Tongo kusa da Bolgatanga, asalinsa narkakke ne a can ƙarƙashin ƙasa. Yayin da yake hucewa sannu a hankali, ma'adinan da suka fi yawa su ne ke fara daskarewa. Shi kuwa litiyam ba ya samun gurbi sosai a cikinsu, sai ya yi ta taruwa a ragowar ruwan, kamar miyar da ta daɗe bisa wuta: ruwa na raguwa, gishiri na ƙara fitowa. Wannan ragowa ita ke kutsawa cikin tsagogin duwatsun da ke kewaye, ta daskare da manyan ƙwayoyi. Masana na kiranta fegmatait. A cikinta ake samun sifodumin, fari ko mai ɗan kore, dogo kamar faskaren itace, da lefidolait mai launin shunayya, mai ɓarewa falle-falle. Sau da yawa kuza na maƙwabtaka da su. Amma fa mafi yawan fegmatait babu litiyam ɗin kirki a cikinsa, kuma ido kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an kai ɗakin gwaji.

Ko a Ewoyaa, inda kamfanin Atlantic Lithium ya ƙiyasta fiye da tan miliyan 35 na dutsen, a cikin kilo 100 kusan kilo ɗaya da kwata ne kawai sinadarin da ake nema, ƙarfen kansa kuma bai kai rabin wannan ba. Sai an niƙa, an tace, sannan a gasa da zafin da ya haura digiri 1,000. Wannan ba aikin diga da kwano ba ne.

To, mu fa? Duwatsun Ewoyaa sun kai shekara biliyan biyu. Tamale kuwa tana zaune ne bisa shimfiɗar dutsen yashi da na laka na kwarin Bolta, waɗanda suka kwanta daga baya, ba daga wuta suka fito ba. Mai haƙa rami a gonakin Gbalahi don neman sifodumin wahalar banza zai yi.

Can inda yake ɗin ma, labarin ba duka ne mai daɗi ba. A jihar Nasarawa ta Nijeriya, inda aka buɗe masana'antar sarrafa litiyam a 2024, kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito a ƙarshen shekarar cewa ya tarar da ƙananan yara suna tsince duwatsu a ramukan haƙa na ƙauyen Pasali, maimakon zaman aji. Farashin kuma ba shi da amana: bayan tashin da ya yi a 2022, ya faɗi warwas a 2023.

Litiyam ɗin da ya fi kusa da gidajenmu yana cikin matattun batiran waya da na fitila mai caji, waɗanda motocin shara ke kawowa babban jujin Gbalahi daga cikin gari. Irin wannan batir, in aka huda shi ko aka jefa shi a wuta, yana iya kamawa nan take, hayaƙinsa kuma guba ne. Wanda ya kumbura, a raba shi da hannun yara, a sa shi cikin gwangwani mai yashi, nesa da murhu.