Bencin Masu Tallafe da Kunci

Ba sai an nuna maka sashen haƙori ba a wannan asibitin gwamnati. Bi barandar da ta wuce wurin karɓar magani, ka nemi bencin da babu mai hira a kansa. A layin awon ciki ana taɗi har da shewa, a layin masu ciwon ido ana tambayar juna gari da unguwa. Nan kuwa kowa ya tallafe kunci ya zuba wa ƙasa ido. Wani ya naɗe rawani har haɓa, ba don sarauta ba. Wata ta ja mayafi ta rufe gefen fuskar da ya haye. Ƙamshin kanumfari na tashi daga bakuna da dama, shaidar cewa an gwada na gida bai yi ba. Yawancinsu ba su runtsa ba daren jiya, domin ciwon haƙori da dare yake cin kasuwarsa: da mutum ya kwanta jini ya ƙaru a kai, sai jijiyar da ke kulle cikin haƙori ta shiga zogi, ga shi ba ta da wurin da za ta kumbura.

Cikin ɗakin akwai kujerun nan masu kwanciya da mutum, kowace da fitila a samanta da ɗan kwanon tofar da yawu a gefe. Kusan komai a nan da lantarki yake aiki, daga injin huda haƙori zuwa tukunyar da ake dafa kayan aiki a kashe ƙwayoyin cuta. Shi ya sa in aka ɗauke wuta kafin a tayar da janareto, aikin da ya rage hannu zai iya yi shi ne cirewa. Abin da akasarin mutanen benci suka zo nema ke nan.

Da mutum ya hau kujera, kafin ma ya gama buɗe baki, magana ɗaya ce: "Likita, a cire shi kawai in huta." Likita ya leƙa da ɗan madubinsa, ya ƙwanƙwasa haƙorin, ya ce, "Baba, wannan ai bai mutu ba, ciko yake so." Dattijo ya girgiza kai: "Ɗana, kwana nawa ban yi barci ba. Ka raba ni da shi." Wannan ja-in-ja ita ce waƙar sashen daga safe har azahar, har ma'aikatan sun saba da sunan da mutanen gari suka laƙa musu, wato masu cire haƙori.

Yadda haƙori ke lalacewa ba wani abin ɓoye ba ne. Akwai ƙwayoyin cuta da ke zaune a cikin farin dattin nan mai danƙo da ke taruwa a jikin haƙora. Abincinsu sukari ne, kuma in sun ci sai su fitar da wani ruwa mai tsami da ke cin farin ɓawon haƙori a hankali. Yawan shan zaƙin a rana ya fi yawan sukarin illa. Wanda ke kurɓar shayi mai sukari tun hantsi har la'asar, yana haɗawa da lemon kwalba da alawa, bai bar wa yawunsa lokacin gyara ɓarnar ba. Da farko ɗan tabo ne, ba zafi. Sai ya zama rami, ruwan sanyi ya fara tsira. Ranar da ramin ya isa jijiya, ranar ce mutum ke neman hanyar asibiti.

Babu tsutsa a cikin wannan labari, amma je ka gaya wa mutanen benci. Da yawansu sun biya ta hannun mai maganin kasuwa, wanda ya turara musu hayaƙi a baki ya nuna musu wasu 'yan fararen abubuwa a cikin ruwa ya ce ga tsutsar ta fito. Wasu sun danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi ta ƙone shi fari fat. Akwai ma masu ɗiga ruwan batir a cikin ramin. Kanumfari kam yana da gaskiyarsa, domin man da ke cikinsa yana kwantar da zogi, har likitoci suna amfani da shi a wasu kayan cikon wucin gadi. Sai dai kwantar da zogi daban, toshe rami daban.

Ciko aikin zama ɗaya ne in an zo da wuri. A yi allurar kashe zafi idan ramin ya yi zurfi, a kankare ruɓaɓɓen wurin, a cike. Tsofaffin majinyata sun san cikon ƙarfe mai launin toka, wanda kusan rabinsa sinadarin makuri ne. Tun bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013 ƙasashe ke ta janye jiki daga gare shi, yanzu farin ciko mai kalar haƙori ne ya fi yawa. Idan kuwa ciwon ya kai jijiya, akwai sauran dabara, wadda mutane ke kira kashe jijiya: a buɗe haƙorin, a zare jijiyar da ta ruɓe, a wanke hanyoyin saiwa da wasu siraran allurai, a toshe, daga baya a sa masa hula don kada ya tsage.

A nan ne nake ganin bai kamata a yi saurin kiran mutane jahilai ba. Kashe jijiya yakan ci zuwa biyu ko uku, da hoto, da kuɗin hula, kuma kuɗinsa ya ninka na cirewa sau da yawa. Manomin da ya baro ƙauye tun asuba, ya biya mota zuwa da komawa, ya bar gona a tsakiyar damina, in ya ce a cire, lissafi ya yi, kuma lissafinsa ba na wauta ba ne. Laifin yana can baya, lokacin da ramin yake ƙarami kuma babu wanda zai duba masa baki a asibitin garinsu.

Cirewar ma ba fizgewa ba ce. Za a auna hawan jini, a tambayi mutum ko yana da ciwon sukari ko sikila, ko yana shan maganin tsinka jini. Wasu sukan yi turus in haƙorin sama ne, saboda sun ji ana cewa cire shi yana taɓa ido, alhali jijiyar gani ba ta ratsa ta nan ba. Bayan an gama, sista za ta jero sharuɗɗa da muryar wadda ta faɗe su sau dubu: "Hajiya, ki cije audugar nan kamar rabin awa. Yau ba kurkure baki, ba tsotsa, ba sa harshe a wurin. Gobe ki fara da ruwan ɗumi da gishiri." Dalili shi ne gudan jinin da ya kwanta a ramin, shi ne murfin ciwon. In ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe, zafin da zai biyo baya yakan fi na farko. Kuma giɓi ba ya zama haka nan. Haƙoran da ke gefensa sukan karkato, in na ƙasa aka cire na sama ya zazzago, tauna ta koma ɓangare guda.

Wanda ba a barinsa ya bi layi shi ne mai kumburi a ƙarƙashin haɓa, wanda baki ya ƙi buɗuwa, yawu ya gagara haɗiya. Mugunyar turmin ƙasa ce ta gangara wuya, kuma tana iya toshe numfashi. Irin wannan gado ake ba shi nan take.

Kujerar da ta fi kowace samun hutu ita ce ta wankin haƙori, kuma ita ce ya kamata a yi wa layi. Dattin da buroshi bai kai gare shi ba yakan daskare ya yi tauri a gindin haƙora, musamman bayan haƙoran gaba na ƙasa. Ga mai cin goro ko shan taba, sai ya rine ja ko baƙi. Da zarar ya daskare, ba aswaki ba buroshi, sai an sa ɗan injin nan mai tsiwa da fesa ruwa ya farfasa shi. In an bar shi, dasashi ya kumbura, ya riƙa jini, baki ya yi wari, ƙashin da ke riƙe da saiwa ya riƙa zaizayewa kamar gindin katangar laka da ruwan damina ke ci. Haƙori lafiyayye, babu ko ɗigon rami, sai ya fara girgiɗi. Yawancin giɓin da muke ɗora wa tsufa daga nan yake.

Amma wanki ya yi baƙin jini. Za ka ji ana cewa yana sa haƙora su yi sako-sako, yana buɗe tsakaninsu. Gaskiyar ita ce dattin ne ya cike gurbin naman da ya riga ya ci, da aka ɗauke shi sai ɓarnar ta bayyana, aka ɗora wa mai wanki laifi. Tsirawar da ake ji bayan wanki takan lafa cikin 'yan kwanaki. Masu ciwon sukari sun fi kowa bukatar wannan kujera, domin ciwon dasashi da hawan sukari suna ƙara wa juna ƙarfi. Haka masu juna biyu, waɗanda dasashinsu ke saurin jini, amma sukan ƙi zuwa don tsoron a taɓa cikin, alhali wanki ba ya cutar da shi.

Tambayar da ba ta ƙarewa ita ce ta aswaki da buroshi. Ma'aikatan nan ba sa faɗa da aswaki. Sunna ce, kuma wanda ke bin haƙoransa ɗaya bayan ɗaya da itacen arak ko reshen darbejiya kafin kowace salla ya fi mai buroshin da ke dirzawa sau biyu ya zubar. Abin da aswaki ba shi da isasshe shi ne fuloraid, sinadarin da ke cikin man goge baki mai ƙarfafa ɓawon haƙori. Don haka shawararsu a haɗa: buroshi mai laushi da man fuloraid safe da dare, minti biyu, a tofar kada a kurkure, aswaki kuma ya ci gaba da aikinsa da rana. Na dare ya fi muhimmanci, don yawu yana raguwa in an yi barci. Gawayi da toka suna sa haske na ɗan lokaci, amma kankare ɓawon suke yi, kuma ba ya tsirowa.

Fuloraid ɗin ma in ya wuce kima a ruwan sha illa ne. Mutanen Tibiri ta kusa da Maraɗi sun ga haka, inda ruwan wata rijiyar burtsatse da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 ya rina haƙoran yara masu yawa ya lanƙwasa ƙasusuwan wasu. Mai irin wannan launin ko ya shekara yana dirza ba zai fita ba, don a cikin haƙorin yake.

Yara su ne abin tausayi. Uwa za ta ce, "Ai na nono ne, zai faɗi wani ya fito." Haƙoran nono 20 ne, na manya 32, kuma a tsakani akwai tarko. Wajen shekara 6 wani turmi yakan fito can ƙurya, bayan na nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Na dindindin ne, amma iyaye sukan ɗauka na nono ne su bar shi ya ruɓe, shi ya sa yana cikin haƙoran da aka fi cirewa. Sai kuma al'adar ɗora wa fitowar haƙori kowane zawo da zazzaɓi. Fitowar haƙori takan sa ƙaiƙayin dasashi da dalalar yawu da rigima, amma zawo da zazzaɓi mai zafi ciwo ne da ke son asibiti. Ba a manta da 2008 ba, lokacin da gurɓataccen maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin ya yi ajalin yara 84 a Najeriya. Kuma ɗan gyambon dasashi a bakin yaro mai tamowa ba abin wasa ba ne. Daga nan cutar Noma ke farawa, mai cinye kunci da leɓe cikin kwanaki, wadda aka gina wa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023.

A ɗakin baya akwai mai ƙera haƙorin roba, zaune cikin farar ƙura da siffofin bakunan mutane jere a kan kanta. Shi ke karɓar dattawan da nama ya gagare su, da samarin da suka bar haƙoran gaba a kan kwalta. Da waɗannan samari sun sani, haƙorin babba in ya fita ɗungurungum ana iya mayar da shi: a riƙe shi ta kai ba ta saiwa ba, a tsoma a madara, a iso asibiti cikin awa guda. Nan kuma ake ganin Alhajin da haƙorin Makka ya ruɓe masa ta ƙarƙashi saboda hular ba ta zauna daidai ba, da budurwar da ta je aka fafe mata wushirya a wani shago, yanzu iska ma tsira mata take yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kusan mutum biliyan 3.5 na fama da ciwon baki ko haƙori, don haka ba mu kaɗai ba ne. Namu dai ya fi tsanani saboda nisa. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri suna yaye likitocin haƙori, amma akasarinsu a manyan birane suke, wasu kuma sun tsallaka ƙetare. Kowace ranar 20 ga Maris ana bikin lafiyar baki, a raba riguna da buroshi, a yi jawabi a watse. Da gwamnatocin jihohi za su ajiye kujera ɗaya da ma'aikacin wanki da ciko a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma, su kuma tura shi makarantun firamare ya riƙa duba bakin 'yan aji ɗaya, da sun fi amfanar talaka da kuɗin bikin.